Haɓata da Jif Ɗin da Ta Ci

Abin da na shiga cinikin da shi ba shi da yawa. Akwai jif guda baƙa, tawa ce ni kaɗai, babu kason kowa a ciki, ita na ware zan sayar in biya likita. Akwai bakina, wanda da shi nake cin abinci tun ina wankin mota a bakin tasha. Sai babban cikinsu, wato matsayina na mai sayarwa a filin motocin da na share da hannuna, a gefen titin da ya fita daga Suleja zuwa Abuja. Jif da baki duk don in tsare matsayin nan na ɗauko su. Abin da zan saya da su kuwa haɓa ce.

Mu biyu ne a filin. Abokin kasuwancina Ibo ne, tun yana saurayi ya zo Suleja, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan uwana. Shi ke zuwa Legas ya kwaso motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, ni kuma in sayar. Shi ƙafa, ni baki. Da haka muka yi shekaru ba mu taɓa zuwa gaban kowa a raba mu ba.

Sai kasuwa ta koma cikin waya. Ma'aikatan Abuja suka daina tsayawa su leƙa mota a kan hanyarsu ta komawa gida, sai dai su kalli bidiyo a ofis su bugo. Muka ce mu ma mu yi. Abokina ya riƙe waya, ni na zagaya wata mota ina bayani, na buɗe bonet, na rufe, na bubbuga taya da ƙafa. Da zan nuna fitilar baya sai na juya gefe.

Gaskiya ita ce ban taɓa ganin fuskata ta gefe ba. Madubi gaba yake nuna wa mutum, hoton fasfo gaba ne, wanzami kuma ƙeya yake nuna maka. Na haura arba'in ina yawo da abin da kowa ke gani ban da ni. Daga leɓena na ƙasa zuwa wuya hanya ce miƙaƙƙiya, babu inda ake tsayawa.

Mutane suka yi ta rubutu a ƙarƙashin bidiyon, babu mai tambayar mota. Wani ya ce, "Alhaji, motar ta fito daga kwastan, haɓar ce suka riƙe?" Wani ya ce a duba cikin but ɗin motar, ƙila tana can tare da tayar safaya.

Na kai wa matata bidiyon a gidanmu na Kwamba, na ce ta duba rashin mutuncin mutane. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Ashe ba ka sani ba? Ni na ɗauka ka sani, ka haƙura."

"Kuma ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In ce maka me, Alhaji? Hoton da aka kawo gidanmu ta gaba aka ɗauke shi. Ranar da na gan ka ta gefe an riga an sa rana."

Dariyar mutane ba ta dame ni ba, dillali ya saba. Abin da ya dame ni shi ne maganar abokina. Ya same ni a ƙarƙashin rumfa, ya ja benci, ya ce, "Alhaji, abeg, kada ka ji haushi. Mutane suna kallon fuskarka suna mance mota. Ƙanin madam ɗina yana zaune ba aiki, ƙarfe kawai yake ɗagawa. Muƙamuƙinsa kamar shebur. Idan sababbin motoci sun iso mu sa shi a bidiyo, kai ka huta."

Na san abin da hutun yake nufi. Wanda fuskarsa ke bidiyo lambarsa ake bugawa, wanda ake bugawa kuma shi ke da masu saye. Ba za a jima ba in zama mai gadin filin da na share. Na ce masa ya ba ni zuwa isowar motocin.

Na fara da hanya mai arha, na bar gemu. Ya fito a gefe da gefe, ya tsallake daidai inda ake nemansa. Na sayi man tsiro da gemu a hannun wani mai talla a cikin bas, abin da ya tsiro ƙuraje ne. Daga nan na nemi likita a Abuja.

Mace ce, mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta ɗauki hoton ƙashin kaina, ta sa na cije, ta leƙa haƙora, ta tambaye ni ko ina minshari. Na ce ban taɓa ji ba. Ta ce hanya biyu ce. Ta farko aikin haɓa: a ƙara wani abu a kan ƙashin, ko a yanki bakinsa a turo shi gaba. Aikin ƙarami ne, ana warkewa da wuri, amma kama kawai yake gyarawa. Ta biyu aikin muƙamuƙi: a yanka ƙashin ƙasa ta gefe biyu, a jawo shi gaba gaba ɗaya, a ɗaure da ƙananan ƙarafa. Kafin nan za a sa wa haƙora waya na tsawon watanni. Bayan aikin kuma makonni za a yi ba tauna, ba doguwar magana, sai abu mai ruwa. Ta ce tawa matsalar daga muƙamuƙi take, domin haƙorana na ƙasa suna can baya da na sama, amma mutane da yawa irina haɓar kawai suke yi su gamsu. Zaɓi nawa ne.

Na ce, "Likita, na gane. Ɗaya canjin bamba ne, ɗaya miƙe shasi."

Ta ce ba ta san mota ba. Na yi mata bayani cewa shasi shi ne ƙashin mota, idan ya lanƙwashe ko ka sa sabuwar bamba tayoyi za su ci gaba da cinyewa. Ta ce kusan haka ne.

Ta faɗi kuɗin kowanne. Na haɓa bai tsorata ni ba. Na muƙamuƙi kuwa jif ɗina ce cif, har da jak da safaya. Na tambaya ko abin da ake ƙarawa a haɓa akwai tokumbo, wanda wani Bature ya ɗan yi amfani da shi ya cire. Ta ce babu. Na tambaya idan na yi duka biyun nawa za ta rage. Ta ce ba a haka. Na miƙe na nufi ƙofa a hankali, yadda mai saye ke yi don a kira shi. Har na kai bakin get ba wanda ya kira ni, sai na dawo na ce na mance hulata, alhali tana kaina.

Ta nuna mini a kwamfuta yadda zan koma da kowane aiki. Na haɓa ya yi kyau. Na muƙamuƙi kuwa wani mutum na gani wanda da zai nemi bashi a wurina zan ba shi. Amma ni ma na san yadda ake ɗaukar hoton mota ta gefen da ba ta bugu ba, don haka hoto bai isa ya raba ni da jif ba.

A hanyar dawowa na biya ta wurin mai buga mana jikin mota, wani Bayerabe da muka daɗe tare. Na tsaya masa ta gefe na ce ya faɗi gaskiya. Ya rufe ido ɗaya, ya tsuguna, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya ce, "Oga, wannan ba haɗari ba ne, daga kamfani ya zo haka." Ya ce in ina so zai cika wurin da fila, irin ƙullin da yake cike lotsawar mota da shi, ya goge, ya fesa kalar fatata, sai dai kada in yi dariya kuma kada in shiga rana. Da gaske yake, har ya fara duba gwangwanayen fenti.

Zuciyata ta fi karkata ga muƙamuƙi. A Suleja an san ni da abu ɗaya: ba na ɗora sabuwar bamba a kan lanƙwasasshen shasi in ce wa mutum lafiya lau. Ban ga yadda zan yi wa fuskata abin da ba na yi wa motar mutane ba. Matsalar ita ce makonnin shiru. Dillalin da ba ya magana ban san me ya rage masa ba. Ni kuma ba na sayen abin da ban gwada ba, ko keke ne sai na hau na zagaya. Tunda likita ba za ta ba ni aron muƙamuƙi in zagaya da shi ba, na ce bari in gwada shirun.

Na samo farin ƙyalle, na zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa, na ƙulle a tsakiyar kai, na ɗora hula. Na sa matata ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas, na sayi tsinken shan lemo. Na yi wa kaina doka: ba zan kwance ba sai don alwala da salla.

Abin da ban tuna ba shi ne wanda ake yi wa irin wannan ɗaurin. Ina fitowa tsakar gida maƙwabciyarmu, matar wani fasto da ke haya a ɗakunan gaba, ta saki bokiti ta kira sunan Yesu. Kafin azahar labari ya kai Chaza wurin mahaifiyata cewa an ga ɗanta an ɗaure masa haɓa. Wanda ya kai labarin bai ce ina tafiya da ƙafata ba. Ta iso fili a keke mai ƙafa uku tana salati, ta tarar da ni a kan benci ina zuƙar kunu. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai wannan, in mutuwa ka yi ka kwanta, in ba ka mutu ba ka cire mini abin nan." Na rubuta mata bayani a bayan kwali. Ba ta karatun boko, sai abokina ya karanta mata. Ta ce haɓar kakana ce, da ita ya yi aure huɗu, ta hau kekenta ta koma.

Mai saye na farko da ya same ni a haka wani dattijo ne daga Garam, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya zo da kuɗin sallamarsa yana neman ƙaramar mota. Ya zagaya wata ja, ya ce, "Malam, nawa?" Na nuna masa bakina, na buɗe hannu, wato ya taya. Ya taya. A ka'ida nan zan ce albarka, in rantse da abin da na sayo ta, in kawo labarin wani da ya ba da fiye da haka jiya na hana. Babu hali. Na girgiza kai kawai.

Ya ƙara. Na girgiza kai.

Ya ce fentin ba na asali ba ne. Na dube shi. Ya ce kujerar baya ta zauna. Na ci gaba da dubansa, ina zuƙar kunu. Can sai ya ce, "To, ai mota ce ta hannu, dole a ga wani abu." Ya shiga kare motar da kansa. Ya ce injin kam shiru yake. Ya ce irin wannan ba ta shan mai. Ya ƙara kuɗi ba wanda ya tambaye shi. Ya wuce farashin da na sa a raina, ni kuwa mamaki ya hana ni motsi, shi ya ɗauka taurin kai ne, ya sake ƙarawa. Nan na gyaɗa kai da sauri kafin tausayi ya kama ni. Muka tafa, dillalan da ke wurin suka ce Allah ya sa alheri. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ciniki da mai gaskiya irina ba, ya yi mini addu'ar samun sauƙi.

A kwanakin da suka biyo na sayar da wasu biyu a haka. Na fara ganin muƙamuƙi zai yiwu, har na sa aka wanke jif aka fito da ita gaba.

Akwai wani dillali da muka taso tare a tasha, gajere, mai yawan fara'a, irin wanda idan ya gaishe ka sai ka laluba aljihu. Ya kwana biyu yana zuwa yana zama a rumfarmu yana kallon yadda nake ciniki. Ran nan da hantsi, mutane cike, ya zo da wasu mutanensa, ya kama hannuna kamar gaisuwa, ya ce, "Mutumina, ya jiki? Jif ɗin nan na saya." Ya faɗi kuɗin da bai kai abin da na sayo ta ba. "Ka sallama?"

Tsinke na bakina a lokacin. Jin kuɗin ya sa na ja numfashi, ƙwayar shinkafar kunu ta bi ta inda ba hanyarta ba. Wanda bai taɓa tari da ɗaurarren baki ba ba zai gane ba. Tarin ba ya fita, kai ne ke amsa shi. Kaina ya yi ƙasa ya yi sama, ya sake, hannuna kuma na cikin nasa.

"Ya sallama!" in ji shi. Mutanen da ya zo da su suka ce Allah ya sa alheri.

Na fizge ƙyallen na ce ban sallama ba, uban wa ya sallama. Muryar ta fito da ƙarfi har masu gyaran taya na tsallaken titi suka juyo. Aka ɗunguma wurin ciyaman na ƙungiyar dillalai, wani tsoho da ya yi karatun zaure, ba ya yanke hukunci sai ya gama cin goronsa.

Ya saurari kowa. Ya ce, "Alhaji, motar malamin Garam da me ka sayar?"

"Da kai, ranka ya daɗe."

"Ka karɓi kuɗin?"

"Na karɓa."

"Sauran biyun fa?"

"Da kai."

"To, wanda ba ya iya magana, ishararsa ita ce maganarsa, malamai ba su yi saɓani a nan ba. In ba ka iya magana, ka sallama. In kuwa kana iyawa, kamar yadda duk muka ji yanzu, to mutum mai lafiyayyen baki ya riƙe hannun ɗan'uwansa ya gyaɗa kai gaban shaidu. Wanne ka zaɓa?"

Na ce tari ne.

Ya ce, "Sau nawa kan ya sauka?"

Shaidu suka ce uku. Wani ya ce huɗu.

"Na malamin Garam sau ɗaya ne, ka ce ya isa."

Ya ƙara da cewa in ina so a warware wannan, sai a kira sauran ukun a warware nasu, tunda hanya ɗaya aka bi. Na yi lissafi a tsaye, na ga mayar da uku ya fi asarar ɗaya ciwo, ga sunana da zai zube. Na miƙa makulli. Ciyaman ya sa gajeren ya ɗan ƙara wani abu don zumunci, ya ƙara kuɗin da bai wuce na man komawa gida ba, yana ta yi mini sannu da jiki.

Abin da ya rage a hannuna ba zai yi muƙamuƙi ba, sai haɓa. Na ce shi ke nan, bamba za a sa, wanda ya ga dama ya ce na saɓa ka'idata. Motocin Legas kuma sun kusa. Na je in gaya wa abokina cewa ya ƙara mini ɗan lokaci in yi aikin in warke.

Ban gama ba ya ce, "Wane aiki? Alhaji, kada ka taɓa fuskar nan." Ya miƙo mini waya. Ashe ranar malamin Garam yana gefe yana ɗauka, ya saka ba tare da ya gaya mini ba. Ga ni nan da ƙyalle da fulas, dattijo yana ta ciniki da kansa. Bidiyon ya zagaya inda namu na baya ba su taɓa zuwa ba. Babu mai maganar haɓa, ƙyalle ya rufe wurin. Wani ya rubuta cewa yau ya ga dillalin da bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Wata ta ce ita wurin mai ƙyalle za ta sayi mota ko ba ta iya tuƙi ba.

"Tun shekaranjiya ake bugowa," in ji shi. "Kowa mai ƙyalle yake nema. Na sa ƙanin madam ya ɗaura, suka ce ba shi ba ne, wannan ƙyallen bai zauna ba. Muƙamuƙinsa ya yi yawa. Kai naka kamar don shi aka yi ka."

Na ce to in na yi haɓar ai sai in ci gaba da ɗaurawa.

"Ba zai zauna ba! Abeg, Alhaji. In ka sa haɓa ka kashe mu."

Na koma wurin likita don kada ta ji shiru, ba na barin ciniki a buɗe. Na ba ta labari tun daga kunu har ciyaman. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido. Da ta natsu ta ce babu wanda ya ce dole in yi ko ɗaya don kama, amma muƙamuƙin yana nan a baya, kuma in matata ta ce ina minshari har numfashi na tsayawa, in dawo a duba wannan, ba don bidiyo ba. Na tambayi matata. Ta ce wannan ma ta ɗauka na sani. Na sa ranar komawa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Jif ta tafi a ƙasa da kuɗinta, kullum ina ganinta tana wucewa, gajeren yana danna mini ham. Haɓa ban saya ba, muƙamuƙi ban miƙe ba. Matsayina yana hannuna, lambata ce a kan kowane bidiyo, sai dai ba na ɗaukar kira, saƙo nake amsawa. Motocin Legas sun zo sun ƙare kafin mu gama wanke na ƙarshe. Matata ta ɗinka mini ƙyalle kala-kala, akwai na Juma'a mai aiki a baki. Na daina shan kunu a fili, kuma ba na ba kowa hannu sai na ga kuɗi. A ɗaya ɓangaren, ni da na fi kowa iya kwatanta mota a duk titin nan, tun safe nake zaune kamar buhu, ina jin masu saye suna faɗin abin da ba haka ba a kan injin da na sani ciki da waje, ba halin in gyara musu. Wani ya taɓa kama ni ina gardamar ƙwallo a wurin mai shayi, washegari ya zo ya ce sai na rage masa tunda ashe ina magana, kuma na rage.

In aka haɗa aka cire, riba ce. Ba ta kai jif ba tukuna, amma tana hanya. Wanda yake son jin adadin ya same ni bayan la'asar, lokacin na kwance ƙyallen.